Bilatus: Alƙalin da Ya Shiga Ciniki da Taro

Wanda ya karanta shari'ar Yesu a Bisharar Luka, sura 23, ya kuma tsaya ya ƙirga, zai tarar sau uku gwamnan Roma yana faɗa da bakinsa cewa bai sami mutumin da aka kawo masa da laifi ba. Matiyu ya ƙara da cewa gwamnan ya gane hassada ce ta sa manyan firistoci suka miƙa shi. Yana zaune a kujerar shari'a ma matarsa ta aiko masa da saƙo, ta ce ya cire hannunsa daga batun wannan adali, don ta sha wahala a mafarki sabili da shi. Wannan shi ne Bilatus Babunti. Yana da sani, yana da mai gargaɗi a cikin gidansa, ga kuma iko, tunda a Yahudiya ta lokacin hukuncin kisa a hannun gwamna yake. Duk da haka, rana ba ta faɗi ba sai da Yesu ya mutu a kan gicciye bisa umarninsa.

Tsakanin wancan sani da wannan umarni akwai hanya. Ita nake so mu bi sannu a hankali, domin har yanzu ita mutane suke bi, a ofis, a gida, har a ɗakin taron dattawan ikilisiya.

Sau da yawa a wa'azi akan siffanta Bilatus da rago, mutum mai sanyin hali wanda ihu ya firgita. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Ya riƙe Yahudiya shekara 10, daga shekara ta 26 zuwa ta 36, a ƙarƙashin Kaisar Tibariyas. Mazauninsa Kaisariya ce, a bakin Bahar Rum, inda a 1961 masu tonon kayan tarihi daga Italiya suka haƙo wani dutse mai ɗauke da sunansa da muƙaminsa. Urushalima kuwa yakan hau zuwa can ne lokacin manyan bukukuwa, musamman Idin Ƙetarewa, sa'ad da birnin ke cika maƙil da baƙi, tarzoma kuma ba ta da wuyar tashi. Sojojin da ke hannunsa ba su da yawa. Manyan rundunonin Roma suna can Suriya, ƙarƙashin gwamnan da ya fi shi girma. Aikinsa biyu ne a idon Kaisar: haraji ya shigo, ƙasa kuma ta zauna lafiya. Luka ya ambaci wasu Galilawa da ya sa aka kashe suna cikin miƙa hadaya. Yusufus, Bayahuden marubucin tarihi na ƙarnin farko, ya ba da labarin yadda ya ɗebi kuɗin Haikali ya gina hanyar jawo ruwa zuwa Urushalima, da jama'a suka taru suna kuka da haka, ya saje sojoji a cikinsu da kayan gida da kulake a ɓoye, ya ba su alama, suka hau mutane da duka har aka yi asarar rayuka. Mai sanyin hali ba ya yin haka.

Amma Yusufus ɗin ya kawo wani labari dabam, daga farkon mulkinsa. Bilatus ya sa an shigo da tutocin soja masu ɗauke da siffar Kaisar cikin Urushalima da dare, abin da Yahudawa suka ɗauka gumaka ne a birni mai tsarki. Jama'a suka taka tun daga Urushalima har Kaisariya, tafiyar kusan kilomita 100, suka kwanta a ƙofar gidansa kwana biyar. A rana ta shida ya tara su a filin wasa, ya sa sojoji suka kewaye su da takuba zare. Sai mutanen suka zube ƙasa, suka miƙa wuya, suka ce sun gwammace mutuwa. Bilatus ya janye, aka kwashe tutocin. Filo na Iskandariya kuma ya ba da labarin wasu garkuwoyi masu ruwan zinariya da ya rataya a fadar Hirudus da ke Urushalima. Manyan gari suka rubuta wa Tibariyas takarda, Kaisar ya tsawata masa, ya ce a mayar da su Kaisariya. A cewar Filo, abin da ya fi damun Bilatus shi ne kada a tura wakilai Roma su tona sauran ta'asarsa, cin hanci da zalunci da kisa ba shari'a.

Idan ka haɗa waɗannan labarai, za ka ga mutumin da ba ya tsoron jini amma yana tsoron takardar ƙara. Shugabannin Urushalima sun san haka, don sun zauna da shi shekara da shekaru. Kayafa ma shi ne babban firist tsawon mulkin Bilatus duka. Hausawa sun ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Tun kafin a ɗaure Yesu a Gatsemani, Bilatus ya riga ya zama mutumin da aka san inda za a danna masa.

Da sassafe aka kawo masa Yesu. Yunƙurinsa na farko shi ne ya ture maganar, ya ce su tafi da shi su yi masa shari'a bisa dokarsu. Suka ce ba su da ikon kisa. Ya shiga ciki ya yi wa Yesu tambayoyi, ya fito ya sanar da cewa babu laifi. A ka'ida nan shari'a ta ƙare. Alƙalin da ya wanke wanda ake tuhuma, abin da ya rage masa shi ne ya ce a kwance shi, ya tashi daga kujera. Bilatus bai tashi ba. Ya tsaya yana sauraro, da ya ji an ambaci Galili, sai ya ga mafita, ya tura Yesu wurin Hirudus Antibas, mai mulkin Galili, wanda shi ma idi ya kawo shi birnin. Hirudus ya yi masa ba'a, ya sa masa riga mai ƙawa, ya mayar da shi. Babu abin da wannan kai-komo ya ƙara sai lokaci, lokacin kuwa masu ƙara ya amfana.

Daga nan ne ya faɗi maganar da, a ganina, ita ce faɗuwarsa ta ainihi. Ya ce shi bai sami laifi ba, Hirudus ma bai samu ba, saboda haka zai sa a yi masa bulala ya sake shi. Ka sake duba wannan "saboda haka". Ta ina rashin laifi ya haifi bulala? Bulalar Romawa kuwa ba dorinar makaranta ba ce. Tsumagiya ce mai harsuna da ake ɗaura wa ƙashi ko ƙarfe, tana yayyaga fata. Bilatus yana ganin dabara ya yi. A lissafinsa zai ba su kaɗan don ya ceci mai yawa, ya ba da bayan Yesu ya tsirar da ransa. Da za ka tambaye shi a lokacin, zai ce maka ai shi taimakon Yesu yake yi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai kaya a kasuwa ya san abin da ya faru a nan. Muddin mai kaya yana cewa "albarka" yana kau da kai, kai ma ka san bai shirya ba. Da zarar ya rage ko naira ɗaya daga kuɗin da ya fara faɗa, to ya sanar da kai cewa kayan na ragi ne, sai ka gyara tsayuwa, saura kawai a ga inda za a tsaya. Alƙalin da ya yarda a bugi marar laifi ya sanar da masu ƙara cewa hukuncinsa na ragi ne. Yohanna ya ce an yi bulalar, aka fito da Yesu da rawanin ƙaya da alkyabba mai launin shunayya don jama'a su gani, ko tausayi zai kama su. Ganin jinin bai rage ihun ba ko kaɗan. Me zai sa su sallama, alhali sun ga mai kaya yana sauka?

Sai batun Barabbas. Akwai al'adar sakin ɗan kurkuku ɗaya a lokacin idi, Bilatus kuma ya jera Yesu da Barabbas ɗin, mutumin da aka kulle saboda tawaye da kisan kai, ya ce jama'a su zaɓa. Ya zaci ba mai hankalin da zai zaɓi mai kisa. Amma jera su ɗin kansa zalunci ne, domin afuwa ta mai laifi ce, wanda aka wanke haƙƙinsa ne a sake shi. Abin da ya fi wannan muni, ya ɗauki hukuncin da aka ɗora masa ya miƙa wa taro, har ya kai ga tambayarsu abin da zai yi da Yesu. Gwamnan Roma, da sojoji a bayansa, yana neman shawarar masu ihu a kan shari'ar da ya riga ya yanke.

Maganar ƙarshe ba ta shafi Yesu ba sam. Suka ce masa in ya saki wannan mutum, to shi ba abokin Kaisar ba ne, don duk mai kiran kansa sarki gāba yake da Kaisar. Wannan barazanar takardar ƙara ce, an naɗe ta da ladabi. Tibariyas kuwa ba sarkin da ake so a kai masa sunanka da zargin rashin biyayya ba ne. A shekara ta 31 ya sa aka kashe Sijanus, babban hafsan dakarun fadarsa kuma mutumin da ya fi kowa kusa da shi, aka bi magoya bayansa ɗaya bayan ɗaya. Da jin wannan magana Bilatus ya hau kujerar shari'a. Markus ya taƙaita dalilinsa da cewa so yake ya gamsar da taron.

Wanke hannun da ya yi a gabansu ya zama karin magana a harsuna da yawa, amma akwai abin lura a ciki. A Maimaitawar Shari'a, sura 21, an tanadi wanke hannu ga dattawan gari idan an tsinci gawa a daji ba a san wanda ya yi kisan ba. Su wanke, su shaida cewa ba su yi ba, ba su kuma gani ba. Bilatus ya gani, shi ne ma zai ba da umarnin. Ruwan nan shi ne ƙoƙarinsa na ƙarshe na riƙe abu biyu a hannu ɗaya, ya yi abin da taro ke so, ya kuma ci gaba da ganin kansa mutumin kirki. Wani abin takaici, a ranar ma ya nuna ya iya tsayuwa. Da manyan firistoci suka zo suka ce ya gyara rubutun da ya sa a kan gicciye, mai kiran Yesu Sarkin Yahudawa, ƙememe ya ƙi. Taurin kansa yana nan, ya dai ajiye shi ne don abin da ba zai ci masa komai ba.

Shi wannan taro su wane ne? A nan ya kamata mai wa'azi ya yi taka-tsantsan, domin ƙarni bayan ƙarni an yi ta fakewa da wannan labari a Turai ana zaluntar Yahudawa, abin kunya ne kuwa ga Ikilisiya. Yesu Bayahude ne, mahaifiyarsa da almajiransa duka haka. Waɗanda suka taru da sassafe a farfajiyar gwamna wani yanki ne na mutanen birnin, Markus kuma ya faɗa a fili cewa manyan firistoci ne suka zuga su su nemi Barabbas. Luka ya ce a kan hanyar Golgota jama'a masu yawa sun bi shi, mata suna kuka suna makoki. Ke nan muryar da Bilatus ya ɗauka ta gari ce, muryar waɗanda aka tara ce. A cikinsu ma, na tabbata, akwai 'yan bi yarima a sha kiɗa, waɗanda suka yi ihu don na kusa da su ya yi.

A 1951 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Solomon Asch, ya gwada ƙarfin wannan abu. Ya zaunar da mutane a ɗaki, ya nuna musu layuka, ya ce kowa ya faɗi wanda ya yi daidai da wane a tsayi. Tambaya ce da yaro zai amsa. Sai dai duk mutanen ɗakin an haɗa baki da su su ba da amsar ƙarya, ban da mutum ɗaya, wanda shi ake gwadawa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na amsoshin da irin waɗannan mutane suka bayar sun bi ƙaryar, kuma kimanin mutum 3 cikin 4 sun bi aƙalla sau ɗaya. Ba bulala, ba barazana. Da Asch ya sa mutum ɗaya tak a cikin taron ya riƙa faɗin gaskiya, bin ƙaryar ya ragu ƙwarai da gaske. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, haka ne, amma ƙarfinsa a kan baki ɗaya yake, murya guda tana iya tsaga shi.

Littafi Mai Tsarki ya san wannan ciwo tun da daɗewa. Fitowa sura 23 ta hana bin taro zuwa mugunta, ta kuma ambaci mai ba da shaida a gaban shari'a musamman. Haruna ya ƙera ɗan maraƙin zinariya don jama'a sun matsa, da Musa ya tuhume shi ya ce ai shi wuta ya jefa zinariyar, maraƙi ya fito. Saul ya amsa wa Sama'ila cewa tsoron mutane ne ya sa ya bi maganarsu. Hirudus ya sa an fille kan Yohanna Mai Baftisma yana baƙin ciki, saboda rantsuwarsa da idon baƙin da ke cin abinci tare da shi.

Wanda ya fi kama da mu dai shi ne Bitrus a Antakiya. Wannan fa bayan tashin Yesu ne, bayan Fentikos, bayan wahayin da ya gani a Yafa ya shiga gidan Karniliyus ya yi wa waɗanda ba Yahudawa ba baftisma. A Antakiya yana cin abinci akushi ɗaya da masu bi daga al'ummai, har ranar da wasu baƙi suka iso daga wurin Yakubu a Urushalima. Sai ya fara ja da baya. Ba ihu, ba takobi, taron ma 'yan mutane ne masu mutunci, 'yan'uwa a cikin bangaskiya. Bai yi wa'azin ƙarya ba, wurin zama kawai ya sauya. Amma sauran Yahudawa masu bi suka bi sahunsa, har Barnaba. Bulus ya faɗa a Galatiyawa sura 2 cewa ya tsaya masa ido da ido a gaban kowa. Yawancinmu ba za mu taɓa tsayawa gaban masu ihun a kashe ba. Irin na Antakiya muke haɗuwa da shi: taron dattawa inda kowa ya san an yi wa gwauruwa rashin adalci a rabon gado amma wanda ya ci gonar shi ya rufa majami'a, zaman Zumuntar Mata inda ake cin naman wata kowa na gyaɗa kai, zaɓen shugaba inda "namu ne" ya rufe bakin kowa, saƙon WhatsApp mai ɓata sunan wata ƙabila ko wani addini, ka san ƙarya ne, ka yi shiru don kada a ce ka cika iyayi.

Mai karatu zai iya cewa, to ai zaman tare sai da haƙuri, sai da kara, sai da kowa ya rage wani abu. Gaskiya ne, kuma Bulus ɗin da ya tsaya wa Bitrus ya fi kowa iya sassauci. Ya ce zai bar cin nama ɗungum in cinsa zai sa ɗan'uwa tuntuɓe. Ya yi wa Timoti kaciya don kada Yahudawan yankin su toshe kunne daga bishara, amma da aka matsa a yi wa Titus, a matsayin sharaɗin zama cikakken mai bi, ya ƙi. Abin da ya raba biyun, a fahimtata, shi ne wanda zai biya kuɗin sulhun. Idan abin da ka sallama naka ne, haƙƙinka ko jin daɗinka ko girmanka, wannan tawali'u ne, Yesu ma hanyar da ya bi ke nan. Idan kuwa daga jikin wani za a yanka, wanda ba ya wurin ko ba shi da bakin magana, to abin Bilatus ne, ko da ka kira shi neman zaman lafiya. Bilatus bai taɓa sa kujerarsa a cikin tayin ba. Bayan Yesu ya sa. Bitrus ma ya sami kwanciyar hankali da baƙinsa, waɗanda suka biya su ne 'yan'uwan da aka bari su kaɗai a kan tabarma, suna tambayar kansu ko dai ba su cika Kirista ba.

A duk safiyar shari'ar nan, mutum ɗaya ne bai shiga cinikin ba, shi ne wanda aka ɗaure. Da Bilatus ya tuna masa cewa yana da ikon sakinsa da ikon gicciye shi, Yesu ya amsa cewa wannan iko daga Sama aka ba shi. Gwamnan yana duban Roma a matsayin inda kujerarsa ta fito, aka nuna masa cewa akwai wanda ya fi Tibariyas, kuma gare shi zai ba da lissafi. Tsoron mutum ba ya fita daga zuciya don an yi masa faɗa, sai in tsoron da ya fi shi girma ya shigo ya zauna. Saboda haka nake ganin shirin tsayuwa a gaban taro ba a gaban taron ake yinsa ba. A ɗaki ake yinsa, a gwiwa, ranar da mutum ya kira sunan abin da yake ganin ba zai iya rasawa ba, aikinsa ko sunansa ko fuskar danginsa, ya miƙa wa Ubangiji tun ba a nema ba.

Wanda kuma ya riga ya faɗi, ƙofa ba ta rufe ba. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku a bakin wuta, farkon mai tambayarsa ma baiwa ce, ya fita ya yi kuka mai zafi, Yesu kuma ya mayar da shi kan aikin kiwon tumaki. Yusufu mutumin Arimatiya ɗan majalisa ne, almajiri a ɓoye saboda tsoro. Nikodimu da dare ya fara zuwa wurin Yesu. Su biyun ne suka fito fili da yammacin ranar, Yusufu ya shiga wurin Bilatus ya roƙi jikin, suka binne shi. Sun makara, amma sun zo.

Bilatus ya ci gaba da mulki 'yan shekaru. A shekara ta 36 wani mutum ya tara Samariyawa a gindin Dutsen Gerizim, ya ce zai nuna musu kayan tsarki da Musa ya binne a can. Bilatus ya tura mahaya da dakaru, aka kashe wasu a wurin, ya sa aka kashe manyansu daga cikin waɗanda aka kama. Majalisar Samariyawa ta kai ƙara wurin Bitaliyas, gwamnan Suriya. Shi kuwa ya tura wani ya karɓi Yahudiya, ya umarci Bilatus ya tafi Roma ya kare kansa a gaban Kaisar. Bai kai ga isa ba Tibariyas ya mutu, a watan Maris na shekara ta 37. Kayafa ma Bitaliyas ɗin ne ya tuɓe shi, a tsakanin wannan lokaci.